Sadisu Mai Arabiyya Ya Je Madina a Kishingiɗe

Yaya Sadisu mijin yayata Iyatu ne. A unguwar Tandabawi ta Makka aka haife shi, a wani lungu mai matakala wanda yanzu otal ya hau kansa, kuma in ka cire Jidda da Ɗa'ifa da Madina bai taɓa kwana a wani gari ba. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa, ya yi shekaru yana tsinkar auduga a Sudan, ya tsallako teku, ya sauke farali, bai koma ba. Shi Sadisu Hausar Haɗeja yake yi tsaf ko da yake bai taɓa ganin garin ba, sai dai da wuya ya kai ƙarshen magana bai yafa mata Larabci biyu ko uku ba.

Sana'arsa tura arabiyya ce, wato keken da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a yi musu ɗawafi da Safa da Marwa. Yana ɗan shekara goma sha tara ya kama, ya yi shekara ashirin da shida a kai. Da ya kalli mutum daga nesa zai gaya maka nauyinsa. Ya tura tsofaffin Indunusiya marasa nauyi kamar tsuntsaye, ya tura manyan mata na Masar masu yi masa faɗa in ya yi sauri su kuma yi masa faɗa in ya yi sanyi, ya tura alhazan Najeriya da kan juyo a razane in suka ji ya ce, “Alhaji, ɗage ƙafarka kaɗan.” Wanda bai iya addu'a ba, shi zai dinga karanta masa ta bayan kunne yana maimaitawa. A goman ƙarshe na azumi yakan yi zagaye bakwai ko takwas a yini, ya dawo gida ya jiƙa ƙafafunsa a roba da ruwan gishiri yana ba yara labarin wanda ya tura.

Bayan hajjin shekarar 2013, wata safiya ya sunkuya zai ɗora ƙafar wani tsoho a kan matakin arabiyya, sai ya kasa miƙewa. Ƙafarsa ta hagu ta mutu daga ƙugu har yatsa, ko allura ka soka masa ba ya ji. A asibiti suka ce wani abu tsakanin ƙasusuwan bayansa ne ya goce ya danne jijiya. Aka yi masa aiki, ya yi wata uku a kwance, Allah Ya taimaka ƙafar ta dawo. Ranar da za a sallame shi likitan ya yi magana a gabana da gaban Yaya Iyatu, ya ce tura arabiyya ta ƙare, kuma duk ranar da ya sake jin ƙafar nan ta mutu haka, kada a jira ko awa ɗaya, a kawo shi, don karo na biyu ba lallai ta dawo ba. Daga ranar, ko zama ya daɗe ya ce ƙafarsa ta sage, sai ka ga gidan ya yi tsit.

Ya buɗe ɗan shago a bakin lungunsu yana gyaran arabiyyar abokan sana'arsa, ya ɗaure wili, ya canja birki, ya ɗinke mazauni. Hannunsa na da kyau, aiki bai yanke masa ba. Amma mutumin da ya saba yini a tsaye ya koma yini a kan kujera da kofin shayi a gefe, cikin shekara biyu ya yi tumbi, sukari ya kama shi. Likita ya ce ya motsa jiki. Tafiya a hawa da gangaren Tandabawi tana tayar masa da ciwon baya. Ya gwada keke, minti goma ya yi a kan sirdi ya sauko ya kwanta kwana biyu. Fara'arsa ta ragu. Har ya daina zuwa majalisar da muke zama bayan La'asar.

Babbar 'yarsa Hadil, wadda ke aikin jinya a wani asibiti, ita ta kawo masa hoton a wayarta. Wani tsohon Bature ne mai farin gemu yake tafiya a kan wani abu mai ƙafa uku, biyu a gaba ɗaya a baya, ya jingina bayansa kamar mai hutawa a kujerar masu gida, ƙafafunsa a miƙe gaba suna juya feda.

“Abuya, shuf, duba,” ta ce da baban nata. “Wannan bayansa ba ya ɗaukar komai.”

Ya karɓi wayar ya kalla sau uku. A na huɗu ya tsayar da hoton ya buɗe shi da yatsa biyu, yana duban yadda aka ɗaure ƙafafun gaba ta gefe ɗaya kawai.

“Ai wannan arabiyya ce aka juya mata baya,” ya ce.

Wata biyar suka yi suna haɗa irin keken, shi da Mukhtaru, wani mai walda ɗan Maraɗi da ke aiki a garejin ƙofofin ƙarfe a unguwar Nakkasa, wanda ba ya samun hutu sai Juma'a. Ƙafafun gaba na wata arabiyya ce mai birki a cikin wili. Ta baya da giya daga wani keken hawan dutse aka ciro. Sarƙa uku suka haɗa kafin ta kai daga feda zuwa baya. Na farkon da suka yi, da Sadisu ya karya kwana sai ya kife da shi a gaban mai gasa burodin tamis, mutane suka taso, shi kuwa yana kwance yana dariya. Mukhtaru ya yanke ƙarfen ya sauke mazaunin ƙasa da taƙi guda. Ya kuma ɗaura wa kowace feda maɗauri na fata, don kada ƙafa ta zame ta faɗi ƙasa keken ya bi ta kanta. Yaya Iyatu, wadda tun farko take cewa wannan aikin marasa aiki ne, ita ta ɗinka masa katifar mazaunin da soso biyu, ta ƙara wani ɗan matashi daidai inda aka yi masa aiki.

A Arfa ya koyi tafiya mai nisa. Wanda bai taɓa zuwa Arfa ba sai ranar tsayuwa ba zai gane wurin ba a sauran watanni. Tituna ne masu faɗi shimfiɗe, babu kowa sai bishiyoyin dalbejiya da masu ba su ruwa. Ni direban bas ne, ina jigilar masu ziyara tsakanin Makka da Madina, to ranar da ba ni da fita nakan ɗora masa keken a bayan ƙaramar motata bayan sallar Asuba in kai shi. Da farko zagaye ɗaya yake yi ya tsaya yana haki. Kafin shekara ta zagayo yana yin kilomita sittin kafin rana ta yi zafi, tumbin ya sauka, sukarin ya kwanta.

A can ya haɗu da 'yan ƙungiyar keke, masu matsattsun kaya da hular kwano, waɗanda kekensu ɗaya za ka ɗaga da yatsa biyu. Shugabansu wani malamin makaranta ne, Abdullateef, wanda kakarsa Bahausa ce, amma Hausarsa ba ta wuce “sannu” da “ina gajiya” ba. Ranar farko suka kewaye shi suna ɗaukar hoto. Daga baya suka saba, suna ce masa Ammu Sadis, wato Baffa Sadisu, in sarƙar wani ta tsinke shi ake nema. Su ne suka gaya masa duk sanyi suna shirya tafiya daga Makka zuwa Madina ta tsohuwar hanyar bakin teku, kusan kilomita ɗari biyar a kwana biyar. Dokarsu guda ce: duk wanda Magariba ta yi masa bai iso masauki ba, motar baya za ta ɗauke shi, kuma wanda ya shiga mota ba a lissafa shi cikin waɗanda suka kai.

Da ya kawo maganar gida, Yaya Iyatu ba ta hana shi ba. Ni ta kira ta shigar da ni kicin ta tura ƙofa.

“Ganiyyu, na ji suna neman mai jan motar baya.”

“Haka ne, Yaya.”

“Kai za ka ja. Na san halinsa, in na hana shi zai zauna, amma zai koma mini irin zaman nan na da, ni kuwa ba zan iya sake ganinsa haka ba. Ka bi shi. In ka ji kalmar ƙafa ta fito daga bakinsa, ko da wasa, ka ɗauke shi ka sa a mota. Kada ka tsaya jin ta bakinsa. Ka yi mini alkawari.”

Na yi mata.

Cikin watan Janairu na 2018 muka tashi, mutum arba'in da biyu a kan keke, motar 'yan sanda a gaba, motar abinci a tsakiya, ni a ƙarshe da fitilu suna walƙiya. Yaya Sadisu yana da shekara hamsin, shi ne na biyu a tsufa. Saboda kekensa ya yi ƙasa da yawa, direban babbar mota ba zai hango shi ba, sai ya ɗaure jan ƙyalle a kan sandar fatsa ya kafa a bayan mazaunin. Kwana biyar wannan jan ƙyallen nake kallo.

Rana ta farko, ta Jumum da Usfan zuwa Khulais, shi ne na ƙarshe tun daga fita. Ba ya sauri, ba ya tsayawa. Samarin sukan tsere su yi nisa, su tsaya shan ruwa da miƙe baya da murza wuya, sai ga shi ya zo ya wuce su yana cin dabino daga wata jaka da ya rataya a ƙirji, su taso su sake wuce shi. Da muka sauka, kowa yana tafiya a tale saboda sirdi, shi kuwa ya tashi daga kujerarsa kamar wanda ya gama kallon ƙwallo.

Rana ta uku ce tasa. Daga Mastura hanya ta miƙe fetal, ba dutse ba bishiya, iskar arewa ta taso daga teku ta tare mu gaba da gaba. Masu dogayen kekuna suka sunkuya suka jeru bayan juna, iska tana tura su kamar ana riƙe musu riga. Shi da yake kwance ƙasa-ƙasa, iskar ta samansa take wucewa. Ina kallo jan ƙyallen ya fara cin su ɗaya bayan ɗaya, har ya ɓace mini, na koma bin wani injiniya ɗan Jidda da ya kusa kuka. Ranar mutum biyar na ɗauka a mota. Da na iso Badar na tarar da Yaya Sadisu ya yi wanka yana shan shayi, shi ne na tara da isowa. Abdullateef ya dafa kafaɗarsa ya tattaro Hausarsa kaf ya ce, “Ammu, sannu, sannu, ina gajiya!” Aka yi ta dariya.

Kullum in mun sauka nakan tambaye shi, “Yaya, jiki fa?” Ya ce, “Tamam, lafiya lau.” In ce, “Ko'ina da ko'ina?” Ya harare ni ya ce, “Ka gaya wa wadda ta aiko ka ko'ina lafiya.”

Daga Badar hanya ta juya ta shiga duwatsu, ta fara hawa. Nan nauyin ƙarfen Mukhtaru ya bayyana. A hawa keken ba ya gudu ko kaɗan, amma yana da wani abu guda: komai sanyin tafiyarsa ba ya faɗuwa. Inda wasu suka sauka suna tura nasu, shi sai ya sa ƙaramar giya ya dinga hawa kamar kunkuru, in ya gaji ya ja birki ya huta a zaune, ya ci gaba. Haka muka kai Musaijid a rana ta huɗu, da sauran rana.

Rana ta ƙarshe saura kilomita tamanin. Mun yi kamar ashirin, a wata 'yar gangara, wata babbar mota ta matso shi gefe. Mai ƙafa biyu zai iya kauce wa rami da ɗan karkata, mai ƙafa uku in ɗaya ta kauce ɗaya za ta faɗa. Ƙafar keken ta dama ta faɗa wani rami mai kaifin baki, na ji ƙarar daga cikin mota. Keken bai kife ba, ya ja shi ya tsaya a kan tsakuwa. Na fito a guje.

“Bayanka, Yaya?”

“Bayana lafiya. Dubi nan.”

Wilin ya lanƙwashe kamar faifan da aka taka, wayoyinsa shida sun tsinke. A motata akwai tayoyi da wili na ajiya iri-iri, amma duk na dogayen kekuna ne, babu wanda zai shiga. Na kira Abdullateef, ya ce su sun yi nisa, in babu dabara in ɗauko shi, ai ya yi abin da ba wanda ya zata. Yaya Sadisu ya ji. Ya zauna a kan dutse yana juya wilin a hannunsa.

“Kai da kake bin hanyar nan kullum,” ya ce, “ina masallaci mafi kusa? Babba, irin na gidan mai, inda bas ke tsayawa.”

Na ce akwai ɗaya baya kaɗan, mun wuce shi.

“Duk masallacin da bas ɗin tsofaffi ke tsayawa, akwai arabiyya a bakin ƙofarsa. Je ka duba. Ni ba zan shiga motar ba, ina nan.”

Na bar shi a inuwar dutse na koma. Akwai arabiyya kuwa a bakin masallacin, sabuwa fil, ba wanda zai ba ka ƙafarta. Ina tsaye ina kallonta sai mai sharar wurin ya matso, wani dogo siriri, ya ji ina gunaguni da Hausa.

“Mi kake biɗa, Malam?”

Sunansa Zali, mutumin Tawa ne ta Nijar, shekararsa huɗu a gidan man. Na yi masa bayani, bai gane ba sai da na nuna masa hoton keken. Ya daɗe yana kallo.

“Da wanga abu ya taho tun daga Makka? Bahaushe?” Ya jingine tsintsiyarsa. “Akwai tsohuwar da wagga ta canza, tana nan baya ga makewayi, mazauninta ya yage. Bari in tambayi mai wurin.”

Mai wurin ya ce a ɗauka gaba ɗaya, dama ta tare musu hanya. Zali ya ɗora mini ita a mota da kansa, ya ƙara da ruwan sanyi kwalba biyu, ya ce in ce wa mai keken ya sa shi a addu'a in ya isa.

Ƙafar tsohuwar arabiyyar ta yi daidai a girma, sai dai tayarta daskararriyar roba ce marar iska, ba ta da birki, kuma ramin tsakiyarta ya fi ƙarfen keken faɗi. Yaya Sadisu ya yanka gwangwanin lemo ya naɗa, ya gwada, ya cire, ya ƙara wani, ya goge da fayil. Bai yi gaggawa ba, ni ne nake ta duban agogo. Sai da muka yi Azahar a bakin hanya sannan ya zauna, ya zura ƙafafunsa a feda, ya ja maɗauran ya tamke su sosai don sabuwar ƙafar tana girgiza keken. Saura kilomita sittin, mafi yawa hawa, rana ta riga ta karkata.

Daga nan bai sake tsayawa ba. Dabinon ma ya daina ci. Ina bayansa ina jin ƙarar tayar robar a kan kwalta, kaf-kaf-kaf, keken yana ɗan janyewa dama yana dawo da shi. Awa uku muna haka. La'asar ta yi, na yi masa ƙaho mu tsaya, ya ɗaga hannu alamar tukuna.

Saura kamar kilomita ashirin na lura da wani abu. Yakan saki hannun tuƙi na hagu ya kai ƙasa ya daki cinyarsa, ya mayar. Ya yi sau ɗaya, ya yi sau biyu. A na uku na sha gabansa na tsaya, na fito.

“Yaya, mene ne?”

“Ba komai. Matsa mini, lokaci na tafiya.”

“Yaya, don girman Allah.”

Ya kawar da kai yana kallon duwatsu. Fuskarsa ta yi fari da gishirin gumi. Can ya ce, a hankali, “Ba na jin ta, Ganiyyu. Tun wajen rabin awa.”

Na tuna wata ukun nan da ya yi a kwance, na tuna kicin ɗin Yaya Iyatu. Na buɗe ƙofar mota na ce ya taso, asibitin Madina bai fi minti ashirin ba. Bai yi gardama ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ya ce kawai in kira masa Hadil tukuna, ta san wanda za ta yi wa magana a can kafin mu isa.

Ta ɗauka a bugu na biyu. Na gaya mata, nan take muryarta ta koma irin ta wurin aiki.

“Khali,” ta ce, haka take kirana, wato kawu, “sa a lasifika. Abuya, daga ina zuwa ina ba ka ji? Daga ƙugu ne kamar wancan karon?”

Ya tsunkuli cinyarsa, ya tsunkuli ƙwaurinsa. “A'a. Nan ina ji. Nan ma ina ji. Tafin ne da yatsu.”

“Bayanka yana harbawa zuwa ƙasa?”

“Ko kaɗan.”

“Ta dama fa?”

Ya motsa ta. “Ita ma yatsun sun ɗan yi nauyi.”

“Awa nawa ƙafafunka suna sama ba ka sauke ba?”

Ni na amsa, na ce uku da wani abu.

“Khali, kwance masa maɗaurin, ka cire takalmin da safa, ya sauke ƙafar ƙasa. Kada ka kashe wayar.”

Da ƙyar na ɓalle maɗaurin. Ƙafar ta kumbura a cikin takalmi, fatar Mukhtaru ta yi mata kanta mai zurfi a saman tafin, kamar an ɗaure buhu. Ya sauke ta a kan tsakuwa. Muka tsaya jira mu uku, ni da shi da waya, manyan motoci suna wucewa suna kaɗa jan ƙyallen. Minti ɗaya, minti biyu. Ina ta salati a zuci.

Sai na ga ya yamutsa fuska. Ya ja iska ta haƙora. Sannan ya ƙwalla ƙara, “Wayyo! Cinnaku! Ganiyyu, kamar cinnaku dubu!”

“Ɗaga babban yatsanka sama,” in ji Hadil. Ya ɗaga. “Tashi ka taka da dunduniya, taku biyar.” Ya dafa ni ya tashi, ya taka biyar, ya ƙara biyar don kansa, yana ɗingishi yana dariya, hawaye suna wanke gishirin fuskarsa.

“Jini ne ka hana wucewa, ya Abuya,” ta ce. “Ba jijiyar ba ce. Wallahi ka kusa kashe ni. In ta sake yi bayan ka sassauta, ko ka ji wani abu a baya, khalas, shi ke nan, mota. Ka ji?”

“Na ji, Dakta.”

Na zauna a ƙasa a bakin titi. Alkawarin da na yi wa Yaya Iyatu yana wuyana, na kuwa ji kalmar ƙafa da kunnena. Na gaya wa Hadil haka. Ta ce in bar ta da mahaifiyarta, ita za ta yi mata bayani. Muka yi taimama muka yi La'asar a wurin, na lura ya daɗe a sujada ta ƙarshe. Da ya koma kan keken bai mayar da takalmin ba, silifas ɗina ya karɓa, ya ɗaura maɗaurin sako-sako.

Allah Ya sa abin da ya rage gangara ta fi yawa. Da birkin baya da na hagu ya dinga lallaɓa ta, duk bayan ɗan lokaci ya zare ƙafa ɗaya ya girgiza ya mayar, ya ɗaga mini babban yatsan hannu. Rana ta yi ja ta zauna a kan duwatsu lokacin da muka hango hasumiyar masallacin Abyar Ali a bakin Madina, inda aka shirya za a tsaya. 'Yan ƙungiyar sun daɗe da isa, har an ci abinci, amma ba wanda ya tafi masauki. Abdullateef da wasu goma suka hau kekunansu suka taro shi, suka sa shi a tsakiya, ba wanda ya wuce gabansa. Ya shiga filin tayar robar tana kaf-kaf, ya ja birki, ya jingina kansa baya ya rufe ido. Bai fi minti huɗu ba ladan ya ɗaga murya.

Bayan salla ya kira gida. Ina kusa, ina jin muryar Yaya Iyatu.

“Baban Hadil, ka isa?”

“Na isa.”

“Da ƙafarka?”

“Da duka biyun.”

Aka ji tana jan hanci. Ta yi hamdala sau uku. Sannan ta ce in ya shiga wurin Manzon Allah gobe ya isar mata da gaisuwa, kuma kada mu kuskura mu dawo ba mu taho mata da na'ana'ar Madina ba, ɗanya, ba busasshiya ba. Ta ce a ba ta Ganiyyu. Na karɓa ina jiran faɗa, sai ta ce, “Allah Ya yi maka albarka,” ta kashe.

Washegari muka yi ziyara, ya yi wa Zali addu'ar da ya roƙa da sunansa. Muka cika bayan mota da na'ana'a, muka ɗaure keken a sama. Tun kafin mu fita daga Madina barci ya kwashe shi, bai farka ba sai a Jumum, ya ce yunwa yake ji.

Yanzu a shagonsa, ban da arabiyya, akwai ƙarafan keke na uku da suke haɗawa da Mukhtaru. Na biyun wani tsohon mai gadi ne a Nakkasa ya karɓa, wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa, suka mayar masa da birki da giya duk hannu ɗaya. Ranar Juma'a su biyun nake ɗorawa zuwa Arfa, kuma tsohon ya fara ƙorafin cewa Sadisu ba ya jiransa.